Shekarar da Jan Tauraro Ya Matso Zara

Satin nan matar ɗana ta shigo ɗakina da waya a hannu, ta ce, "Hajiya, saurari wannan." Muryar wani mutum ce, ba fuska ba suna, yana magana da sauri kamar ana korarsa. Wai taurari biyu za su haɗu a yamma cikin watan nan, wai ba su taɓa haɗuwa ƙasa ta zauna lafiya ba, wai kowa ya sa ido a kan waɗanda ke zaune kusa da shi. Na ce mata ta goge. Ta yi dariya, ta ce ai daga ƙawarta ta Lamisula ya zo, kuma ta riga ta tura wa 'yan uwanta. Da aka idar da magariba na ja kujera zuwa tsakar gida na ɗaga kai. Nan Jiddari Polo fitilun sola sun cika titi, kowace katanga da nata farin hasken, sama ta koɗe kamar zanen da ya sha wanki. Duk da haka na gan su, can saman tankin ruwan maƙwabta: babbar fara, da ƙaramin ja a gefenta. Na taɓa ganinsu a haka.

A unguwar Gwange na tashi, lokacin da sama take kusa da mutane. Idan rana ta faɗi duhu na gaske ne yake sauka, sai 'yar fitilar kwano a bakin wannan zaure, sai wata can gaba wajen mai tsire. Gidanmu na ƙasa ne, da darbejiya a tsakiya, kuma idan damina ta yi nisa kogin Ngadda ya kawo ruwa, kukan kwaɗi yakan shigo mana har kan tabarma. Na san yamma da sautinta tun kafin in san agogo. Akwai taɓaren maƙwabta biyu masu amsa wa juna, akwai matan Shuwa masu nono suna komawa da ƙoransu ba komai suna hira da ƙarfi, akwai bugun da babana yake yi wa huluna a kan kututturen ice, don wankin hula ne sana'arsa, kuma ba ya tashi sai ladan ya gyara murya. Sannan ƙamshin turaren wutar Ya, mahaifiyata, ya biyo hayaƙin murhu ya danne warin bandar kifin da aka sa a miya. Yaran yanzu da an yi magariba kowa ya sunkuyar da kai ga abin da ke tafin hannunsa. Mu ɗaga kai muke yi, don babu abin kallo sai sama.

Kakata, mahaifiyar babana, ita ce ta san sama a gidanmu. Ba ta yi karatun littafi ba, Hausarta ma a karye take, rabi Kanuri, amma a ƙauyen da ta fito babu wanda yake zuba iri sai an tambayi gidansu. Takan shimfiɗa tabarma bayan magariba ta kira ni, "Fero, zo nan," wato yarinya, sai in kwanta rigingine in ɗora kai a cinyarta. Ita ta nuna mini Kaza da 'Ya'yanta, ta ce idan suka ɓace a yamma a gyara fartanya, idan suka ɓullo a gabas da almuru a nemo mayafi. Ita ta nuna mini Gamzaki mai tayar da mata daka. Ta ce taurari iri biyu ne. Akwai masu dangi, waɗanda duk inda suka je tare suke tafiya, ba mai barin ɗan uwansa. Akwai kuma 'yan kaɗan masu yawo su kaɗai, bana ka gan su nan, baɗi can, kuma ba sa ƙyafta ido kamar sauran. Babbarsu ita ce Zara, farar nan da ke fara fitowa kafin kowa. Goni, malamin masallacinmu, yana da sunayensu na Larabci, amma Kaka ba ruwanta da wannan. Ban taɓa jin ta ce tauraro ya kashe wani ko ya ba wani arziki ba. Ruwa, sanyi, lokacin tashi, iyakar abin da take nema a wurinsu ke nan.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Mai Kanti. Ibo ne, Kirista, ya zo garin tun ban iya tafiya ba, ya kama ɗakin waje ya zuba kananzir, sabulu, ashana, gishiri, lagwani da gilashin fitila. Duk unguwa a wurinsa ake saye. Yana jin Hausa, yana gaisuwa da Kanuri har tsofaffi su yi ta dariya suna ƙara masa. 'Yarsa Nkeci sa'ata ce, mu dai Keci muke ce mata. Tare muke zuwa famfo, tare muke wanki a bakin Ngadda, idan an yi burabusko a gidanmu da kwanonta, idan uwarta ta soya doya da manja nawa na ajiye. Wani lokaci takan zo ta kwanta a ɗaya cinyar Kaka, Kaka ta riƙa tambayarta, "A garinku ma akwai wannan?" Keci ta ce ba ta sani ba, ita nan aka haife ta.

Shekarar da nake magana a kai, tun kafin taurarin su fara, garin ba daidai yake ba. Akwai rediyo ɗaya a shagon wani tela, maza sukan taru a kai, idan yaro ya matso a kore shi. Sukan watse ba mai magana. Babana ya daina tsayawa hira a ƙofar gida. Ban san abin da ke faruwa can nesa ba, na dai san manya sun koyi rage murya idan an zo wasu kalmomi. A cikin wannan hali ne, ƙarshen damina, wani ƙaramin tauraro ja ya bayyana a saman Zara. Ba shi da haske sosai, kamar garwashin da toka ta fara rufewa. Kaka ta miƙa hannu ta auna, ta ce tafin hannu guda ne tsakaninsu. Bayan kwana kaɗan yatsu huɗu. Sannan uku. Ba sa daɗewa, kafin a gama isha'i sun faɗa bayan rufin gidaje, amma wannan ɗan lokacin ya ishi unguwa. Mutanen da ba su taɓa ɗaga kai ba suka fara tsayawa a bakin titi suna nuni da baki, don an ce ba a nuna shi da yatsa.

Akwai wani ɗan unguwarmu da ya yi shekaru a tafiya ya dawo da wani littafi mai zane-zanen da'ira, ya kafa zama a gindin darbejiyar bakin kasuwa da faifan yashi a gabansa. Mai Littafi ake ce masa. Da can 'yan mata ne da masu neman ɓatacciyar akuya suke zuwa wurinsa. Da jan tauraron nan ya fito sai ga magidanta a tabarmarsa. Ya ce jan na jini ne da ƙarfe, Zara kuwa ta zaman lafiya ce da aure da ciniki, ranar da ya hau kanta garin zai ga abin da bai taɓa gani ba. Goni ya yi magana a kai bayan la'asar, ina ji daga bayan katanga. Ya ce, "Jama'a, ku ji tsoron Allah. Waɗannan bayi ne kamar ku, tafiya aka umarce su suna yi. Wanda ya ce ya san gobe ta wurinsu ya faɗi abin da ba shi da ilimi a kai." Aka ce gaskiya ne, Allah ya gafarta malam. Da magariba kuma aka koma gindin darbejiya.

Ranar da ya rage yatsu biyu tsoro ya kama ni sosai, na kasa cin tuwo. Mu biyu ne kawai a tabarma. Na ce, "Kaka, da gaske zai cinye ta?"

Ta yi tsaki. Ta ce, "Wa zai ci wa? Fero, wannan jan baƙo ne. Ba nan ne gidansa ba. Na gan shi ina budurwa, na gan shi ina goyon ubanki. Yakan zo, ya tsaya kusa da ita kwana biyu, ya kama hanyarsa. Baƙo ai tafiya yake yi. Idan ya tafi za ki ga Zara tana nan yadda take."

Na ji daɗi har na tashi na cinye tuwona. Washegari a famfo layi ya yi tsawo, mata ba su da zance sai na tauraro, wata ma tana cewa ta ɗaure kayanta za ta koma ƙauye. Keci ba ta zo ba ranar, uwarta ta fara hana ta fita. Ni kuwa ina da labari mai daɗi a baki, ga shi daga kakata wadda kowa ya san ta san sama. Na ɗaga murya yadda manya za su ji, na ce, "Kakata ta ce jan nan baƙo ne. Ta ce sai baƙo ya tafi Zara za ta zauna lafiya."

Haka na faɗa. Na sha juya maganar nan a raina, na san ba daidai yadda ta faɗa ba ne, na kuma san ban yi da wata manufa ba. So nake a ce yarinyar nan ta san abu. Wata mata mai tulu a kafaɗa ta juyo ta ce, "Tsohuwar ce ta ce haka? Da bakinta?" Na ce e. Ta dubi ta kusa da ita, na kuwa ga duban.

Kwana biyu maganar ta yi tana yawo kafin ta dawo gidanmu, kuma da ta dawo ban gane ta ba. An kai wa Mai Littafi, ya buga yashinsa ya ce haka ne, shi ma ya gani tun tuni, nauyin baki ne ya hana shi faɗa. Yanzu ba tauraro ne baƙo ba. Baƙi ne suka jawo tauraron, baƙin da ke cikinmu suna cin kasuwarmu, kuma tsohuwar gidan mai wankin hula, wadda ba ta taɓa kuskuren damina ba, ta ce idan ba su tafi ba kafin haɗuwar, garin ne zai tafi. Mata uku suka yi sallama suka durƙusa gaban Kaka suna tambaya ko akwai abin da za a ƙara. Ta daɗe ba ta fahimci me suke nufi ba. Da ta gane, ta miƙe tsaye, abin da ba ta yi sai da sanda, ta yi ta magana da Kanuri da Hausa a haɗe tana cewa ƙarya ne, ita tauraro ta ce, tauraro na sama. Suka fita suna cewa tsohuwa ta tsorata ne, shi ya sa take janyewa. Ina bayan turmi ina jin komai. Babana ya tambayi duk gidan wa ya fitar da zance. Na sunkuyar da kai na ci gaba da tsince shinkafa.

Daga ranar aka daina saye a kanti. Mai Kanti yakan buɗe da safe ya zauna a kan benci, hannuwa a kan gwiwa, yana gaida masu wucewa da Kanurinsa, ba mai amsawa. Na wuce shi sau ɗaya ya ce, "'Yata, ba ki zo wurin Keci ba." Na ce an aike ni.

Yammacin da suka haɗu ba iska ko kaɗan. Kwaɗi ma kamar sun san da wani abu. Da rana ta faɗi Zara ta fito ita kaɗai, mutane suka fara cewa ya tafi, ya tafi. Da duhu ya ƙara sai ga shi manne a gefenta, ko tsinke ba zai shiga tsakaninsu ba. Wata mata ta rangaɗa salati a can ƙasan layi, sai na ji wata irin ƙara ta taso daga wajen kasuwa, ba ihu ba, kamar ruwa idan yana zuwa daga nesa. Babana bai tsaya sa takalmi ba. Ya jingina turmi da katangar da ke tsakaninmu, ya hau, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Aka miƙo Keci, aka miƙo ƙaninta na goye, uwar ta biyo, Mai Kanti ya diro a ƙarshe ya gurɗe ƙafa. Ya ta tura su ɗakin da muke ajiye gero ta ja ƙofa, ta ɗauko kaskon turare ta ajiye a bakin ɗakin, ta zauna kamar ba komai.

Muna ji aka fasa ƙofar kanti. Gilasan fitila suna ta fashewa, warin kananzir ya cika gidanmu. Muryoyin da nake ji na san su, masu kawo wa babana hula ne, iyayen ƙawayena ne. Da ba su sami kowa ba suka zo ƙofarmu. Babana zai fita Kaka ta riƙe masa riga, ta ce, "Zauna. Da sunana suka zo." Ta dogara sandarta ta ratsa zaure, ni kuma na bi ta na laɓe a bayan ƙyaure. Ta tsaya a bakin ƙofa, 'yar tsohuwa da ba ta kai kafaɗar kowa ba.

Wani ya ce, "Kaka, ki ba mu hanya. Maganarki muke cikawa."

Ta ce, "Maganata? Kai, ba ni na yanke maka cibi ba? Dube ni. Yaushe na ce maka ka fasa ɗakin mutum?" Ya kawar da kai. Ta ɗaga sandar ta nuna yamma, ta nuna da gangan, abin da kowa ke tsoro. "Ga su can. Sun haɗu. Me ya faɗo? Wa ya mutu? Ni dai ban ga abin da sama ta yi muku ba. Abin da na gani ku kuka yi shi. Wanda zai shiga gidan nan sai ya taka ni, ya je ya gaya wa uwarsa."

Ba su watse nan take ba. Sun tsaya suna gunaguni, wasu na baya suna turo na gaba. Sai ladan ya kira isha'i, Goni da kansa ya zo ya ratsa su ya tsaya kusa da ita, ya ce duk mai alwala ya wuce masallaci, marar alwala ya je ya yi. Taurarin suka faɗa bayan rufi. Ɗaya bayan ɗaya suka juya, wasu da sabulu a aljihu. Daga baya muka ji ba kowace unguwa ce ta sami tsohuwa a bakin ƙofa ba.

Da sassafe babana ya samo wani direban babbar mota da ya yarda da shi, mai ɗaukar bandar kifi zuwa kudu. Ya ta naɗa wa uwar Keci laffayarta mai ruwan goro, ta goga mata turare don ko ƙamshinta ya zama na gari. Aka sa wa Mai Kanti babbar riga da ɗaya daga cikin hulunan da aka kawo wanki. Ba su ɗauki komai ba sai ƙullin tufafi. Motar ta tsaya a bayan gida. Kafin a ɗaga Keci ta riƙe hannuna, idanunta sun kumbura, ta ce, "Sun ce kakarki ce ta ce mu tafi. Da gaske ne?"

Da na buɗe baki a lokacin, kalma biyu sun isa. Babana yana tsaye, Ya tana tsaye. Na ce, "Ban sani ba."

Ta sake hannuna. Aka ɗora ta a kan buhunan kifi, aka ja tamfol. Direban ya dawo bayan sati biyu, ya ce ya sauke su a wata mahaɗa inda motocin garinsu suke tsayawa, daga nan bai san komai ba, hanyar kuma ba kyau a kwanakin. Iyakar labarinsu da muka samu ke nan har yau. Ɗakin kantin wani ƙanin Mai Littafi ya kama, ya zuba irin kayan, mutane suka ci gaba da saye.

Kwana bakwai ban je tabarma ba. A na takwas Kaka ta kira ni, na zo na durƙusa daga nesa, na fashe da kuka, na ce ni ce na faɗa a famfo. Ta ce, "Na sani. Mu biyu ne a nan ranar." Na jira duka ko faɗa, ba ta yi ba. Ta ce, "Ni na ɗora miki abin da ya fi ƙarfin bakinki. Ɗaga kai." Na ɗaga. Jan ya koma ƙasan Zara, yatsu uku tsakaninsu, yana ta dusashewa cikin jan almuru. A titi babu mai kallo ko ɗaya. Ta ce, "Kin gani? Bai taɓa ta ba." Sannan ta naɗe tabarmar da kanta ta shige ɗaki. Ta yi shekaru bayan haka da ranta da hankalinta, amma ba ta ƙara kiran sunan tauraro ba. Manoma su zo tambayar damina ta ce idonta ya mutu. Ƙannena su tambaye ta ta ce fitilun Allah ne, su shiga ciki.

Na yi aure, na haihu, na aurar, na ga garin nan ya shiga abubuwan da suka fi wancan muni, ba tare da wani tauraro ya matso wani ba. Mutanen kudu sun dawo, sun sake buɗe shaguna, wasu sun sake tafiya, wasu suna nan. Tun ina amarya, duk macen Ibo sa'ata da na gani a kasuwa sai na tsaya na sayi wani abu a wurinta, ko ba na bukata, don in sami hanyar tambayar sunanta da inda aka haife ta. Na sami masu suna Nkeci har huɗu, ba wadda ta san Gwange. Yanzu ƙafa ta hana ni shiga kasuwa, tsararrakina kuma sun daina zaman shago, 'ya'yansu ne a wurin. Amsarta tana nan a bakina tun safiyar nan: ba ita ba ce, Keci, ni ce. Ban sami wadda zan faɗa wa ba.